Takardar harajin da ta kwana goma sha ɗaya a aljihuna

Ranar Alhamis ce, 15 ga Fabrairun 2024, ina ɗakin gwaje-gwaje na asibitin da nake aiki a nan Jos, hannuwana cikin safar roba, aka ce ana sallama da ni a bakin ƙofa. Wani matashi ne da jaka a kafaɗa. Ya miƙo mini ambulan mai ruwan ƙasa, ya buɗe littafi ya ce in sa hannu in rubuta kwanan wata. Na sa, na koma bakin aikina. Sai da muka idar da Azahar na buɗe.

Daga ofishin haraji take. An rubuta cewa harajin da aka biya da sunana na shekarun 2021, 2022 da 2023 bai cika ba, ana bi na cikon naira 1,015,000 da 'yan kai, in an ɗora tara da kuɗin ruwa ya tasar ma miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Na karanta sau uku ina tsaye a bakin masallaci, takalmi ɗaya a ƙafa. Ni da kowane wata ake yankar haraji a albashina tun kafin kuɗin su shigo hannuna, kuma ba a wuri ɗaya ba, a wurare biyu?

Asalin abin, fili na saya ta hanyar Bauchi, na je neman takardar mallaka. Cikin abubuwan da aka nema har da shaidar biyan haraji ta shekara uku da suka gabata, domin haka doka ta tanada. Na je ofishin haraji a watan Janairu, aka ba ni fom, aka ce in rubuta duk hanyoyin samuna. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na rubuta albashin asibiti, na rubuta abin da nake samu a wata kwalejin kiwon lafiya mai zaman kanta inda nake koyarwa da yamma, na kuma rubuta kuɗin hayar shaguna uku da mahaifinmu ya bari, naira 900,000 a shekara, tunda ni nake karɓa kuma sunana ne a kan yarjejeniyar haya. Na miƙa na tafi, raina kwance, ina jiran a kira ni in karɓi shaida. Sai ga wannan.

Abin da na yi bayan nan shi ne ya fi damuna har yau. Na ninke takardar gida huɗu, na sa a aljihun ciki na kwat ɗin da nake sawa saboda sanyin safe, na yi shiru. Ban gaya wa kowa ba. Kullum ina jin ta a ƙirjina in na hau keke daga Nasarawa zuwa Terminus, ina jin ta in na sunkuya alwala. Abinci ya daina yi mini daɗi. Da dare sai in kwanta ina lissafin abin da zan sayar: babur, ko filin da ya jawo maganar.

Na daɗe ina tunanin me ya sa na yi haka, ni da na yi karatu, nake kuma karanta takardun Turanci kullum. Ina ganin gado ne. Kakanmu haƙar kuza ce ta kawo shi Jos daga ƙasar Kano, kuma mahaifinmu ya sha ba mu labarin zamanin haraji da jangali: yadda mai unguwa ke bi gida-gida, yadda magidanci ke sayar da akuyar matarsa ko ya tafi cin rani don kawai ya samo kuɗin haraji, yadda ake tare mutum a hanyar kasuwa a ce ya nuna takarda. Har ya rasu yana yabon Abubakar Rimi da Balarabe Musa saboda soke haraji da jangali da suka yi a Kano da Kaduna a 1979. A gidanmu, kalmar haraji ba ta zo da maganar lissafi ko haƙƙi ba, da tsoro ta zo. Wanda ya tashi da wannan, in takarda ta zo masa, ba ya tunanin ana iya amsa ta. Tunaninsa biyu ne: ko ya biya, ko ya ɓuya.

A cikin waɗancan kwanaki na taɓa zuwa har kusa da ofishin, na kasa shiga. A gindin wata bishiya, inda masu buga takardu da fotokwafi suke, wani mutum ya matso kusa da ni. Ba ma'aikaci ba ne, irin masu zaman jiran wanda ya ruɗe ne. Ya dubi fuskata ya ce, "Oga, takarda aka kawo maka ko? Kawo dubu ɗari da hamsin, a share maganar, ka je ka yi barcinka." Ba zan ɓoye ba, na karɓi lambarsa. Na yi kwana biyu ina juya abin a raina.

Maiɗakina ce ta ga takardar ranar da ta ɗauki kwat ɗin za ta kai wanki. Ba ta yi faɗa ba. Ta ajiye ta kusa da kofin shayina ta ce, "Abban yara, wannan ce ta hana ka cin abinci? Don Allah ka kai wa Kawu ya duba. Shekara nawa ya yi yana wannan aikin?"

Kawu ƙanin mahaifiyarmu ne, tsohon akanta, ya yi ritaya yana zaune a Bukuru. Na same shi bayan La'asar a zaure, ya lulluɓa da bargo, rediyo a gefensa. Ya sa tabarau, bai ma dubi adadin kuɗin ba, ya juya takardar yana neman wani abu daban.

"Yaushe ka sa hannu ka karɓa?"

"Ran 15 ga wata, Kawu."

"Yau 26. Ɗan nan, ka ƙona kwana goma sha ɗaya. Saura maka sha tara."

A nan na fara jin maganar kwana 30. Dokar harajin kuɗin shiga ta ba wanda aka yi wa ƙiyasi kwana 30, daga ranar da takardar ta iso hannunsa, ya rubuta cewa bai amince ba, ya kuma faɗi dalilansa dalla-dalla. In ya bari kwanakin suka wuce, adadin ya zauna daram, ya zama bashi, ko da kuwa akwai kuskure a ciki. In ya rubuta aka ƙi gyarawa, yana da wasu kwana 30 ya kai ƙara kotun sauraron ƙarar haraji, wadda ma ɗaya daga cikin mazaunanta a nan Jos yake, na shiyyar Arewa ta Tsakiya. Duk wannan yana rubuce a ƙasan takardar da ƙananan baƙaƙe. Ban taɓa kaiwa can ba, idona kan tsaya ne a kan adadin.

Da na ba shi labarin mutumin gindin bishiya, ya cire tabarau ya dube ni. "Zai ba ka rasit?" Na ce a'a. Ya ce, "To kuɗinka sun tafi, bashin kuma yana nan da sunanka, yana haihuwa. Goge lambar nan a gabana." Na goge.

Sannan ya ciro tsohuwar kalanda daga bango, ya kifa ta a tabarma, ya ɗauki biro. Abin da ya zana mini a bayan kalandar nan ya fi duk abin da na taɓa ji game da albashina, shi ya sa zan tsaya a kansa.

A dokar da ake aiki da ita a waɗancan shekaru, ba a kan dukan samun mutum ake ɗora haraji ba. Ana fara cire kuɗin fansho, wato kashi 8 cikin ɗari da ake yanka wa ma'aikaci. Sannan a ba shi rangwame: naira 200,000 ko kashi 1 cikin ɗari na samunsa, duk wanda ya fi yawa, a ƙara masa da kashi 20 cikin ɗari na samun nasa. Abin da ya rage shi ake hawa da shi mataki-mataki. Naira 300,000 na farko kashi 7, 300,000 na biye kashi 11, 500,000 na gaba kashi 15, wani 500,000 kashi 19, sai 1,600,000 kashi 21, abin da ya haura nan kuma kashi 24.

Ya ce in faɗi albashina na shekara ɗaya. Asibiti naira 2,400,000. Ya cire fansho 192,000, ya cire rangwame, ya hau matakan, haraji ya kama 217,616. Na duba takardun albashina, daidai da abin da suka yanka. Kwaleji naira 1,200,000, haraji 78,000. Shi ma daidai. Na ce, "To Kawu, ai ka gani, kowa ya yanka daidai."

"Kowa ya yanka daidai da abin da ya sani," in ji shi. "Asibiti ba su san kana koyarwa ba, kwaleji ba ruwansu da albashin asibiti. Kowannensu ya ba ka rangwamen 200,000, ka ci sau biyu. Kowannensu ya fara maka daga matakin ƙasa, na kashi 7. Amma kai mutum ɗaya ne, kuma tsani ɗaya doka ta ba ka. Kuɗin kwalejin nan ba daga ƙasa za su fara ba, daga inda na asibiti suka tsaya za su ɗora."

Ya haɗa su wuri ɗaya, ya ba da rangwame sau ɗaya, haraji ya tashi 418,544. Abin da aka yanka mini a wuraren biyu 295,616 ne. Giɓin naira 122,928 ke nan a shekara ɗaya, ba tare da kowa ya yi mini ƙeta ba, tun ma ba a zo kan kuɗin haya ba. Na yi shiru na daɗe. Na zo ne da fatan Kawu zai ce zalunci ne, sai ya nuna mini cewa wani ɓangare na bashin gaskiya ne. Ya ƙara da cewa doka ta ɗora wa mutum ya kai bayanin samunsa da kansa kafin ƙarshen watan Maris na kowace shekara, musamman irina mai hanya fiye da ɗaya. Ban taɓa yi ba ko sau ɗaya. Na ɗauka yankan da ake yi a albashi, wanda muke kira PAYE, ya sauke mini komai.

Amma ba duka adadin ne gaskiya ba, kuma Kawu ya tsinto wurare huɗu. Shaguna uku da aka lissafa mini, ɗaya ne kawai nawa. Da aka raba gado, bayan an fitar da tumunin Hajiya, ni na samu ɗaya, ƙanina da ke Kano ɗaya, ƙannenmu mata biyu suka haɗa ɗaya. Ni dai mai karɓa ne in raba. Wannan kuskuren daga hannuna ya fito, ni na rubuta 900,000 a fom. Sai fansho, da ba a cire ba saboda ban haɗa da wata shaida ba. Sai kashi 10 cikin ɗari da kamfanin da ke hayar shagona yake cirewa kafin ya biya ni, naira 30,000 duk shekara, wanda na daɗe ina ɗauka asara ce kawai, ashe haraji ne aka biya mini tun gaba, kuma ya kamata a rage shi daga abin da ake bi na. Na huɗun shi ne ya fi ɓata mini rai: a takardar babu ko kwabo daga kwaleji na shekarar 2022, alhali kowane wata sun yanka.

Kwana goma sha huɗu na yi ina farautar takardu. Na asibiti ba su ba ni wahala ba. Bayanin asusun fansho na samu a rana ɗaya. Takardar rabon gado tana cikin akwatin ƙarfen Hajiya, a ƙarƙashin zannuwanta, a naɗe cikin leda, da hatimin alƙali. Da na ce mata haraji ne, sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ba dai kama ka za a yi ba?" Na ce a'a Hajiya, takarda ce kawai za a amsa. A lokacin ne na ji ni kaina na fara yarda da maganar.

Kwaleji kuwa sai da na yi sawu huɗu. Yau akanta ba ya nan, gobe yana taro. Ranar da na same shi, na ajiye takardun albashi goma sha biyu a teburinsa, kowacce da layin haraji naira 6,500. Na ce, "Yallaɓai, ina kuɗin nan suka tafi?" Ya sunkuyar da kai ya ce shekarar ta zo musu da matsi, sun yi niyyar biya daga baya. Wannan abu ya yi mini ciwo, har yanzu kuma yana yi. Kuɗin nan ba nasu ba ne, amana ce aka cira daga gumin malamai. Doka ta ce wanda ya yanka ya kai kafin 10 ga watan da ke biye, in bai kai ba shi za a bi, da tara da ruwa, ba ma'aikaci ba. Amma ma'aikacin da bai ajiye takardar albashinsa ba, da me zai nuna an yanka? Mu goma sha wani abu ne muke koyarwa da yamma a wurin, kuma na tabbata yawancinmu ba su san an yi haka da sunansu ba. Daga ƙarshe ya ba ni wasiƙa mai hatimi cewa sun yanka.

Rasit ɗin kamfanin haya na shekara biyu kawai na samu, na ukun suka ce sai an aiko daga babban ofishinsu. Na so in jira. Kawu ya ce kada in kuskura. "Kai abin da ke hannunka, ka rubuta cewa sauran na tafe. Takarda tana iya biyo baya, kwanan wata ba ya dawowa."

Shi ya faɗa, ni na rubuta. Wasiƙar shafi ɗaya da rabi ce, ba roƙo, ba zafin rai. Lambar takardarsu, lambar harajina, ranar da na karɓa, dalilai huɗu, kowanne da shaidarsa a liƙe, sannan lissafinmu na abin da na yarda ana bi na. Ya ce in fara biyan wani abu daga ciki don a ga da gaske nake. Na biya naira 100,000 a banki, cikin asusun gwamnati, da lambar biya da aka fitar mini, na haɗa rasit ɗin.

Ranar Talata, 12 ga Maris, azumi na biyu, na kai. Saura kwana huɗu wa'adi ya cika. Na yi kwafi biyu, aka buga hatimin karɓa da kwanan wata a kan nawa. Jami'ar da aka tura ni wurinta dattijuwa ce, Hausarta irin tamu ta Jos. Ta bi takardun ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, ta tsaya a kan ta rabon gado ta karanta har ƙarshe. Ta ce, "Malam, da kowa zai zo da fayil haka, da aikinmu ya yi sauƙi. Yawanci sai wa'adi ya wuce suke zuwa, a lokacin hannunmu a ɗaure yake." Na tambaye ta ƙanina fa, ta ce nasa ba nan ba ne, mutum yana biya ne a jihar da yake zaune, don haka Kano zai kai bayaninsa.

Bayan Sallah da mako uku sabuwar takarda ta fito. Tushen bashin ya sauko zuwa naira 430,000 ba kaɗan. An cire shaguna biyu, an cire fansho, an rage kuɗin da kamfani ya biya, na 2022 kuma aka koma kan kwaleji.

Saura tara da ruwa. Tarar kashi 10 cikin ɗari ce, ita na fahimce ta, laifin jinkiri nawa ne. Ruwan ne ya tsaya mini a wuya. Ni da ban taɓa karɓar bashin banki ba don gudun riba, yau ga shi an rubuta mini ita a takardar gwamnati. Na je wurin malaminmu na unguwa bayan Asuba na faɗa masa. Ya ce in yi iya ƙoƙarina in nemi a ɗauke, abin da ya gagara kuma aka tilasta mini, in biya ina ƙinsa a zuciya, in kuma hanzarta don kada ya ƙaru. Na sake rubuta wasiƙa, na bayyana cewa ni da kaina na kawo bayanin samuna, ba kama ni aka yi ba, na roƙi sassauci da kuma damar biya kashi-kashi. Aka yafe tarar, aka rage ruwan, ba a ɗauke shi duka ba. Na biya, amma ban ji daɗinsa ba, kuma ba zan ce na ji ba.

Wata huɗu na yi ina biya. Shekarar kowa ya san yadda take, tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota da na abinci suka yi sama. Babbar Sallah ta zo a tsakiyar biyan, ban yi layya ba a karon farko tun da na yi aure. Kashi na uku da kuɗin adashin maiɗakina na cika shi. Ta ƙirgo su a kan gado, ta ɗaure da roba ta miƙo mini, ta ce filin ai na yara ne. Babur dai bai tafi ba, filin ma yana nan.

A watan Agusta na karɓi shaidar biyan haraji. Takarda ce guda ɗaya, shekara uku a jere, kowace da adadinta. Na kai wa Kawu ya gani kafin in kai ofishin filaye. Ya karanta, ya ce in sayi fayil mai ƙarfi, in riƙa ajiye komai aƙalla shekara shida, domin hukuma na iya komawa baya har tsawon haka.

Lissafin da na kawo na tsohuwar doka ne. Shugaba Tinubu ya sa hannu a sababbin dokokin haraji a watan Yunin 2025, don su fara aiki daga Janairun 2026. A ciki an ɗauke haraji daga naira 800,000 na farko na samun mutum a shekara, an soke wancan rangwamen, an kawo rangwamen kuɗin hayar gida, kashi 20 cikin ɗari na abin da mutum ke biya amma kada ya wuce 500,000. Matakan sun sauya, sai dai mai aiki biyu har yanzu tsani ɗaya yake da shi. Wannan ne ya sa ban iya yin shiru a ɗakin malamai na kwalejin ba. Da yawanmu da safe muna wani wuri, da yamma muna can.

Wani abokin koyarwata, ma'aikacin jinya ne mai 'ya'ya biyar, ya saurare ni har na gama, ya ce shi tsoro yake ji, kada ya je ya tono wa kansa abin da ke kwance. Na gane tsoron, na san inda yake zama a ƙirji. Na ce masa ya tattaro takardun albashinsa na wuraren biyu, mu fara zuwa Bukuru a yi lissafi a zaure, ya san adadin kafin kowa ya faɗa masa. Ya yi mako biyu bai ce komai ba. Ranar wata Asabar da safe ya kira ni, ya ce ya samo na shekara biyu, na ukun yana wurin matarsa tana dubawa, ya tambaya ko Kawu yana gida bayan La'asar.